Guga Ɗaya a Rijiyar Bakin Iyaka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni Shafa'atu 'yar Malam Ma'aruf na rubuta wannan da hannuna a Illela, shekara ashirin da uku bayan shigar Nasara Sakkwato. Ƙafafuna sun kumbura, numfashina ya gajarta, amma hankalina yana nan yadda kuka san shi. Mai shakka ya tambayi liman, jiya ma na gyara masa rubutu.

Zuwa ga ɗiyana, Halliru da Dabo da Lubabatu.

Na ɗaya. Gida da gonar Garu da awaki, Allah ya riga ya raba muku, ba ya bukatar shawarata. Littattafan mahaifina kuwa na ba Lubabatu tun ina da rai, gaban shaidu, don ita ke buɗe su. Ku mazan kuwa, kaɗe musu ƙura kawai kuke yi.

Na biyu. Sulusin da shari'a ta bar mini na sa shi a rijiyar bakin iyaka da bukkoki huɗun da ke kewaye da ita. Wakafi ne. Ba a sayarwa, ba a yi mata shinge, kuma guganta ɗaya.

Kuna Sakkwato wajen karatu lokacin da abin ya faru. A shekarar yunwa Faransawa suka kwashe mazan Ƙonni zuwa aikin hanya, mata da tsofaffi suka riƙa tsallako dutsen iyaka suna zubewa a bakin rijiyar nan. Mu uku muka tsaya musu. Tasalla, azniya ce mai bautar iskoki, ko da yake ranar Sallah aka haife ta, ita ke jiƙa magani da karɓar haihuwa. Samu'ila, akawun Bature, Kirista mutumin Lakwaja, shi ke rubuta musu takardar zama don kada a zo a kora su baya. Ni ke dama kunu, ni ke wanke wanda ya cika. Manyan gari sun taimaka da addu'a, daga nesa.

Da yunwa ta wuce, sai ga manyan sun zo, wai a rataya wa Azna gugansu daban. Na tambaye su a wane littafi suka karanta cewa ruwa yana kafirta. Har yau ina jiran amsa. In sun dawo bayana, kuma za su dawo, ku maimaita musu tambayar.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Tasalla ta makance, tana bukkar gabas. Halliru, abin da kake faɗa a zaure ya iso ɗakina, cewa in na mutu za ka mayar da ita ga danginta a Ƙonni. Danginta mu muka binne su, ni da ita. Ranar da ungozomar gari ta sare da haihuwar 'yarka Umma, ba ka tambayi hannun da ya ciro ta ko yana alwala ba. Ta zauna inda take har Allah ya ɗauke ta. Kai kuma Dabo, ka daina aika mata fura haɗe da wa'azi. Shekara goma sha biyu ina kiran ta Musulunci, tana ce mini in bari ta gama tunani. Shiriya ta Allah ce, tuwo ne naku, safe da yamma.

Na huɗu. Kabarin Samu'ila yana ƙarshen gona, gindin aduwa. Ba shi da kowa a ƙasar nan. Kada garma ta taɓa wurin. In gara ta ci gicciyen da ke kansa, Dabo, kai masassaƙi ne, itace biyu ne kawai.

Tun da Samu'ila ya mutu ban sami abokin gardama ba. Mutane su zo gaisuwa, in faɗi magana, su ce gaskiya ne Malama, su kaɗe riga su tafi. Wani lokaci nakan faɗi kuskure da gangan ko wani zai musa. Ba a taɓa yi ba.

Na biyar. Halliru da Dabo, wata bakwai ke nan ba ku gaisa ba saboda jakin da ya shiga gero. Jakin ya mutu, geron an cinye. Ku gaisa kafin a ɗauki makarata, kada ku jira a haɗa hannuwanku a bakin kabari mutane suna kallo.

Na yafe muku abin da na sani da wanda kuka zaci ban sani ba, ku ma ku yafe mini kaifin baki. Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku, ya sa ku gama da imani. Ku riƙe juna, ku riƙa cin tuwo a akushi ɗaya ko da ranar Juma'a ne, kada Lubabatu ta zama baƙuwa a gidan ubanta.

In an dawo daga kai ni, ku uku ku je wurin Tasalla tare, ku gaya mata da bakinku. Ku ɗaga murya, kunnenta na dama ne ke ji. In ba ku faɗa mata ba, kowace la'asar za ta ci gaba da shimfiɗa tabarma biyu, tata da tawa.