Ranar da Yaya Ya Karɓi Tuƙi

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da yara. Ya gwiwar taki, ta lafa? Ina labarin Auta da jarrabawarta? Mu nan lafiya lau muke, sai gajiya da ciwon mazaunai, wanda dama kin yi mana albishir da shi tun kafin mu bar gida.

Kin ce in riƙa kiranki a waya, amma abin da ya faru yau ba na waya ba ne. Kunnen Yaya ya yi kaifi ƙwarai, ko raɗa na yi sai ya ji. Shi ya sa na ari biro wajen mai masaukinmu, na zauna a gindin mangwaro tun rana ba ta faɗi ba. Gobe zan ba direban motar kasuwa ya kawo miki.

Ke shaida ce kan yadda Yaya ya koma tun da idanunsa suka rufe bara. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan babbar mota, ba garin da bai taka ba, ya dawo ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Kin kuma tuna dariyar da kuka yi mini ke da matarsa ranar da na yanka tsofaffin kekuna biyu a shago, na yi musu walda suka zama ɗaya mai sirdi biyu. To, in gaya miki gaskiya, ba don yana so ya biyo ni wannan yawon ba. Don in daina damunsa ne kawai. Kwanakin farko haka muka yi su, ni a gaba ina surutu, shi a baya yana taka feda kamar wanda aka sa aikin dole.

Yau mun tashi da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Kai, ƙasar nan Allah Ya yi mata kyau! Hanya ce ta jar ƙasa, dama da hagu gonakin ayaba da rogo, can nesa itatuwan kwakwa sun yi layi a bakin tsauni. Duk abin da na gani sai in faɗa wa Yaya. Ga mata sun fito da tuluna, ga wani tsoho yana jan akuya ita ma tana jan sa, ga tsuntsu mai jan wuya a kan waya. Da ya buɗe baki, sai ya ce mini wai tuƙina ba tuƙi ba ne, duk ramin da ke hanya sai na je na gaishe shi. Wallahi na ji daɗin zagin nan, don rabona da jin sa tun yana da idonsa.

Da hantsi muka tarar da wani tudu mai tsawon gaske. Muka taka har numfashi ya ƙare, sarƙa tana kuka, mu ma muna yi. Daga ƙarshe muka sauka muka tura, hannunsa a kafaɗata. A saman tudun wata mai sayar da abarba ta yanka mana, ta ƙi karɓar komai, ta ce ba ta taɓa ganin keke mai ɗauke da tsofaffi biyu ba, kallon ma ya ishe ta.

Bayan azahar hadari ya haɗo. Kafin mu ankara ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka fake a wata rumfar kwano da manoma ke ajiye buhuna. Muna zaune muna rawar sanyi, motoci na wucewa jefi-jefi, duk wadda ta wuce sai in ga Yaya ya karkata kai yana bin ƙararta har ta ɓace. Can sai ya kira ni da sunan da yake kirana tun muna yara, ya ce, "Tartsatsi, ya isa haka. Ka tsayar da mota ta mai da ni gida. Ni ba tafiya nake yi ba, ɗauko ni ka yi. Da ni da buhunan nan duk ɗaya ne."

Uwar 'ya'yana, na san in ya shiga motar nan, ba daga keken kaɗai zai sauka ba, har da rayuwar gaba ɗaya. Wa'azi ba ya cin Yaya, lallashi kuma haushi yake ba shi. Sai na ce masa to, na ji, amma nan ba tasha ba ce, ya bari ruwa ya tsaya mu ƙarasa gari na gaba.

Da ruwan ya ɗauke muka gangara cikin wata fadama. Hanyar ta miƙe sak kamar an ja zare, shinkafa kore shar ta ko'ina, ba mota, ba babur, ba kowa sai wasu mata can gefe suna dashe. Ban san lokacin da tunanin ya zo mini ba. Na ja birki, na sauka, na kama hannayensa na ɗora su a kan abin tuƙin keken. Na ce, tun da tuƙina bai yi masa ba, ya zo ya nuna mini. Ya ce ko na haukace ne. Na ce tun yaushe. Ya shafa birki da ƙararrawa. Sai kawai ya ɗaga ƙafa ya hau.

Na koma baya, na leƙo ta kafaɗarsa, na zama idonsa. Da farko mun yi ta tangaɗi kamar 'yan maye. Ina cewa dama kaɗan, hagu kaɗan, miƙe, miƙe. Ba a jima ba keken ya daidaita. Na ga bayansa ya miƙe, kafaɗunsa sun buɗe, irin zaman da yake yi a da in ya kama sitiyari. Ya fara taka feda da ƙarfi har ƙafafuna suka kasa bin nasa. Iska na dukan fuskarmu, rigarsa na kaɗawa tana marina. Ya danna ƙararrawa ba kowa a gabansa, ya sake dannawa. Ya ce in daina yi masa ihu a kunne, shi ba ɗan koyo ba ne. Mun yi tafiya mai nisa a haka, nisan da ni kaina ban zata ba.

Agwagi ne suka ɓata mana lissafi. Garke guda suka fito daga cikin shinkafa suka tsallako hanya, uwa a gaba 'ya'ya a baya, ba ruwansu da kowa. Na ruɗe, na ce hagu alhali dama nake nufi. Yaya kuwa direba ne mai bin umarni. Sai ga mu tsamo-tsamo cikin taɓo, ni da shi da keke da jakunkuna.

Na tashi a gigice ina lalubensa, ina cewa na shiga uku, me zan gaya wa matarsa. Na same shi zaune cikin ruwa har ƙugu, hularsa na yawo a gefe, kafaɗunsa na girgiza. Na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har ta hana shi sauti. Da ta fito kuwa, sai da agwagin suka watse. Matan nan masu dashe suka rugo, da suka ga ba wanda ya ji ciwo su ma suka kama ciki don dariya. Ɗayarsu ta tambaye shi, Baba, ba ka ga hanya ba ne? Ya ce, "'Yata, ni makaho ne, ina da uzuri. Ki tambayi mai idon."

Su suka taya mu fito da keken, suka zuba mana ruwa muka ɗauraye. Takalmin Yaya ɗaya ya zauna a taɓo, mun bar wa fadama. Kan keken ya ɗan karkace, na saka shi tsakanin gwiwoyina na miƙar. Waldata kuwa ko gezau, ki gaya wa masu dariya.

Na koma gaba na karɓi tuƙi, muka iso garin nan da la'asar sakaliya. Tasha tana bakin hanya, motoci cike, masu lodi na kiran fasinja. Na rage gudu, don alkawari na yi masa. Na ce, Yaya, ga tasha. Ya ce ya ji, ai ba kurma ba ne, in wuce mu nemi mai sayar da takalmi kafin a rufe kasuwa.

Na wuce. Allah Ya taimake ni ni ne a gaba, kuma ba ya gani, don hawaye ne suka yi ta zuba har cikin gemuna.

Yanzu haka yana can ƙofar masauki, an kewaye shi ana shan shayi, yana ba su labarin yadda yaron motarsa ya jefa shi a gona. Ni ne yaron motar, da furfurata. Ya aiko a gaya mini in shafa wa sarƙa mai, kuma gobe in an samu miƙaƙƙiyar hanya in sanar da shi da wuri.

Ki je da kanki ki karanta wa matarsa wannan takarda, amma ki tsallake wajen hawayen. Ki ce mata ranar dawowarmu ba a hannuna take ba kuma, sai abin da direba ya ce.

Ki gaishe da yara da maƙwabta. Ki kula mini da gwiwar nan.

Naki har kullum,
Tartsatsi