Layi Uku Kafin Harafin B

Asabar, 23 ga Fabrairu, 2013

Birmingham yau ma. Awa biyu da rabi a bas daga Manchester, sannan hawa biyu na bene a Small Heath, ba lif. Malam, mahaifina, yana nan yadda na bar shi: ɓarin dama ya shanye, baki ya ƙi, sai ido. Wata biyu ke nan da faɗuwarsa.

Matar council, wato ƙaramar hukuma, ta zo da fayil. An rage zuwan Kaneng, mai kula da shi, zuwa minti sha biyar sau uku a rana. Cibiyar da ake kai tsofaffi su wuni kuma an rufe ta tun bara. Ta ce ba zai iya ci gaba da zama a nan ba: ko gidan tsofaffi, ko wani nasa ya ɗauke shi. Ta ba ni takardar kai shi gidan tsofaffi in sa hannu kafin 28 ga Maris. "You are the only child?" Na ce haka aka ce.

Ta tambaya ko ina da ɗaki a Manchester. Ina da shi. Littattafaina ne a ciki, su kuwa ba su taɓa yin kyauta da ni ba.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Bari in rubuta, ko na huta. Ina da kwana shida a duniya uwata Turai ta rasu a Funtuwa. Shi yana Manchester, kamfanin auduga ya turo shi koyon aiki. Aka aika masa cewa yayarsa Hajo, da ba ta taɓa haihuwa ba, tana son riƙon jaririyar. Amsarsa ta zo a talgiram. Ina shekara sha biyu na gan ta a ƙasan kwallar Gwaggo Hajo, na haddace ta kamar karatun allo:

NA JI NA BATA ALLAH YA JIKANTA

Na ba ta. Shi ke nan. Ko akuya za ka bayar ai ka tambayi lafiyarta. Gwaggo ta riƙe ni da amana, Allah ya jiƙanta, ban nemi komai na rasa ba. Shi kuwa sau uku ya zo gida a shekara talatin, kuma ko sunana bai taɓa kira ba. Da na zo karatu ƙasar nan na neme shi don kar a ce. Yanzu ga takarda a jakata. Zan sa hannu, kuma ko a jikina.

Asabar, 2 ga Maris

Na fara haɗa kayansa. Kwalaye, selotef mai ruwan ƙasa, hannuna duk danƙo. Mutumin nan bai san zubar da abu ba: tikitin bas na 1981, kasakasai cike da jaka, rediyo uku ba mai magana.

A ƙarƙashin gado na sami gwangwanin biskit. A ciki wasu nannaɗaɗɗun takardu ne sirara, faɗin babban yatsa, sun yi jaja-jaja, duk huji. Na nuna wa Kaneng. Ta ce, "Kai, Sista, gara ta gama da su." Na ce ai kuwa. Na juye su a baƙar leda.

Ban taɓa jin sauti irin wanda ya fito daga bakin Malam ba. Ba magana ba, ba kuka ba. Ya daki hannun kujera da hagu har kofin shayi ya faɗi. Kaneng ta ruɗe, mintinta sha biyar sun cika, tana sa takalmi tana cewa "Baba, sorry, Baba, yi haƙuri." Na kwaso su na zuba masa a cinya. Ya rungume su yana harara ta.

Raina ya ɓaci sosai. A kan takardar da ƙwari suka ci yana da murya.

Litinin, 4 ga Maris

Ina wanke kwalabe a ɗakin gwaji abin ya faɗo mini: gara a Birmingham? Kuma wace gara ce ke cin takarda a jere, layi-layi, kamar ta yi makaranta? Jamilatu, da digirinki uku. Na yi dariya ni kaɗai har ɗalibai suka waiwayo.

Laraba, 6 ga Maris

Kaneng ta kira. A cocinsu na Perry Barr akwai wani tsoho, Kawu Alfred Kambai, mutumin Kagoro. Da ta ba shi labarin gara ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya ya tambayi sunan mai gwangwanin. Wai tare suka yi aiki da Halliru, wato Malam, a Manchester. Ya ce in kawo.

Ba na so. Amma zan je, don in rufe bakin Kaneng.

Asabar, 9 ga Maris

Malam ya yarda na ɗauki gwangwanin da na ambaci sunan Alfred. Ya daɗe yana kallona kafin ya saki.

Kawu Alfred guntu ne, ga surutu, ga sanda da ba ya dogarawa sai nuni. Matarsa ta dafa mini gwate. Ya ce a ɗakin waya na kamfanin suka zauna shekara tara, su biyu kaɗai baƙaƙen fata. Injin ana ce masa teleks. Ka buga saƙo kamar tafireta, inji ya huda shi a tef ɗin takarda, kowane harafi layi ɗaya, huji biyar ko ƙasa da haka. Sai ka sa tef ɗin a wani inji, ya ja shi da gudu, saƙo ya fita a Kaduna. Har lissafin kwamfutocin zamanin a irinsa ake ajiyewa. Ƙananan hujin tsakiya ba karatu ba ne, na haƙoran inji ne.

Ya ɗaga ɗaya a hasken taga yana karantawa da ido, leɓe na motsi. Sai ya duba kwanan wata da aka rubuta da fensir a bakin naɗin, 9.6.75, ya sauke hannu. "Wannan ina wurin aka buga shi."

Na ce na san abin da ke ciki, ba sai ya wahala ba. Na karanto masa da ka.

"A'a, 'yata. Zo ki gani." Ya shimfiɗa tef ɗin a tebur, ya ɗora yatsana. N, A. Sannan fili. Sannan layi uku. Sannan B, A, T, A.

Ya ce injin Bature bai san ɓa da ɗa da ƙa ba. Kowa haka yake bugawa ba ƙugiya, mai karatu ya gane da kansa. Ban da Halliru. Shi sai ya sa ɗan waƙafin sama a jikin harafin. Kuma abin da tsada: layi ɗaya na gaya wa inji ya bar haruffa ya koma alamomi, ɗaya na waƙafin, ɗaya na komawa haruffa. "Supervisor ya yi faɗa ya gaji, wai yana ɓata tef. Babanki ya ce shi ba zai rubuta baki inda yake nufin baƙi ba."

Na ɓata. Ba na ba ta ba.

Saƙon ya sauka a ofishin kamfani a Kaduna, wani akawu ya kwafe shi a takardar talgiram zuwa Funtuwa. Wataƙila ya ɗauka waƙafin datti ne a takarda, ya tsallake shi. Na tambayi banɗaki, na shiga na buɗe famfo. Na fi minti goma.

Lahadi, 10 ga Maris

To sai me?

Talata, 12 ga Maris

Na ce to sai me. Waƙafi ya faɗi a hanya, na yarda. Ƙafarsa ma faɗuwa ta yi? Jirgi ya daina tashi? Shekara talatin da bakwai, bai sami rana ɗaya da zai ce ni fa ban bayar ba?

Na kira Kawu Alfred na zazzage masa wannan duka, kamar shi ya yi mini laifi. Ya bar ni na gama. Ya ce bayan saƙon da kwana biyu aka tsinci Halliru a tashar jirgin ƙasa, ba takalmi, bai san sunansa ba. Wata biyar yana asibiti. Da ya fito ya tarar da kaset daga gida yana jiransa. "Ki duba jakar kasakasan nan. Yana ciki, ba zai yar ba."

Asabar, 16 ga Maris

Yana ciki. Zaren ya zazzago, sai da na naɗe shi da biro. Ɗaya daga cikin rediyon nan uku ashe kaset ɗinta na aiki. Na kai kicin na rufe ƙofa.

Muryar Gwaggo, da sauran ƙuruciyarta. Shekara biyar rabon da in ji ta. Zakara na cara a bayanta. "Halliru, ka share mini hawaye. Duk garin nan an ji ƙanena ya ba ni 'ya. Yau na shiga sahun mata." Sai ta yi ta sa albarka, tana kuka. Can kuma wani ɗan ƙaramin kuka, ta ce, "Ka ji ta nan, ga ci kamar gara."

Ni ke nan. Na yi dariya, hawaye na zuba a kan sink.

Wa zai ji wannan ya aika a ce a dawo masa da 'yarsa? Kyautar da aka yi shelarta, kuma ga yayarsa. Ga ni 'yar fari, wadda a wurinmu uba ba ya ko kama sunanta a gaban mutane, balle ya nuna yana so. Na san al'adar nan sarai, na ga iyayen ƙawayena suna yi. Ban taɓa ba shi wannan uzurin ba, kuma har yanzu ban ce na ba shi ba.

Da na fito yana kallon ƙofar kicin. Bangon flat ɗin nan kamar kwali yake, ya ji komai.

Talata, 19 ga Maris

Sauran naɗi takwas ne. Kawu Alfred ya ƙi karanta su, ya ce ba shi aka rubuta wa ba. Ya zana mini jadawalin hujin a bayan takardar coci, ya ce in wahala da kaina.

Duk ranar 2 ga Yuni aka buga su, 76 zuwa 83, shekarar da aka kwashe injinan. Ranar haihuwata. Da hutun rana na zauna da na farko, sandwici a gefe. Minti arba'in na fitar da layi ɗaya:

TURAI YARINYA TA SHEKARA 'DAYA HAJO TA CE TA FARA TAFIYA BAN GANI BA

Na mayar da shi gwangwani. Ba zan iya sauran yanzu ba.

Alhamis, 21 ga Maris

Matar council ta turo saƙo, tana tuna mini takarda. An sami gado a wani gida a bayan gari. Na je shafinsu na duba hotuna. Tsaf-tsaf, furanni a taga. Ba wanda zai san me yake nufi in ya nuna gabas da ido lokacin azahar. Kaneng ta sani, ita da ba ta salla. Takan juya masa kujera kafin ta fita da gudu.

Asabar, 23 ga Maris

Ƙanƙara ta rufe Birmingham, bas na tafiya kamar ba ya so. Na isa da la'asar, ƙafafuna sun jiƙe.

Ban shirya yin haka ba. Na ba shi kunu, na goge masa baki, sai kawai na ɗauko tef ɗin 75 na shimfiɗa a cinyarsa. Na kama yatsansa na hagu na ɗora a kan layukan nan uku. Na ce, "Na karanta."

Yatsan ya bi su, ya koma, ya sake bi. Bai dube ni ba.

Na ce, "Da ka faɗa. Ko sau ɗaya, ko a waya, da ka faɗa mini." Na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Na ce na tashi ina ganin kaina kayan da aka rasa inda za a ajiye. Na faɗi abubuwa da yawa. Leɓensa na ta motsi, yana ta ƙoƙari, jijiyar wuya ta tashi. Abin da ya fito kawai shi ne "Ja." Ya huta, ya sake: "Ja." Ya kasa ƙarasawa.

Wataƙila cewa yake in ja bargon, don ya zame. Na ja masa. Ya girgiza kai.

Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, ban san wanne ya fi ba.

Litinin, 25 ga Maris

Ban je aiki ba. Na ce musu mura.

Laraba, 27 ga Maris

Gobe ne. Takardar na kan firij, na ma nemo biro.

Da safe na haura wurin Celestina, maƙwabciyata mai ɗinki, na aro tef ɗin awo. Ta ce labule zan yi? Na ce wani abu dai. Ƙofar gidana ta waje santimita tamanin da ɗaya. Ta banɗaki saba'in da huɗu. Ta ƙaramin ɗaki saba'in da shida. Tagarsa ashe gabas take kallo, shekara huɗu ban lura ba.

Littattafan na fara kwashe su zuwa falo, don sanyin bangon can yana lalata su, na daɗe ina so in yi.

Na ce wa Kaneng in ta je da rana ta auna mini faɗin keken da ake tura Baba a ciki. Ba wai na yanke wani abu ba, ina so in sani ne kawai. Ta turo yanzu: sittin da takwas.

Yana shiga.