Tsagar Kunnen Tauraruwa

Talata Mafara,
6 ga Mayu.

Zuwa ga ƙawata Hannah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mama Victoria da su Hosea. Yaya Gusau, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kwamfutar hannun da kika bar mini ta hana ni sakat. Wallahi ranar farko alƙalamin sai zamewa yake a kan gilashi kamar na taka sabulu. Kuma kada ki yi dariya, in na shafa launi har yau sai na hura masa iska wai ya bushe. Amma ina jin daɗi, Hannah, musamman da yake in na ɓata, da yatsu biyu kawai zan taɓa ya goge.

Matsalar Baba ce. Ya ce ɗiyar mai fataucin shanu ba ta zama tana shafar gilashi, in Babbar Sallah ta zo ban nuna masa abin kirki ba in mayar miki da kayanki. Na yanke shawarar zana masa Tauraruwa, jar saniyarsa da ɓarayin daji suka kora a Damaga shekara biyu da suka wuce. Ko hotonta ba mu da shi, kuma tun lokacin bai ƙara ambaton sunanta ba.

Ki sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Jidda.

Talata Mafara,
2 ga Yuni.

Hannah tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ga labari.

Na bi masu koyarwa a waya tiryan-tiryan, sai na fito da saniya ba tozo, ƙahonta guntu. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ta jikin gwangwanin madara ce. Na ji kunya ƙwarai. Amma washegari bayan la'asar, ga shi da tabarmarsa. Kwana tara muna zama, yana cewa ƙara tozo, buɗe ƙaho, farin goshin bai kai haka ba. A ƙarshe ya sa na tsaga mata kunnen dama, shaidar garkenmu.

Masu koyarwar sun ce a riƙa juya zane kamar a madubi don a ga inda ya karkace. Na juya, na manta ban mayar ba. Jiya na kai masa. Ya duba ya ɗaure fuska, ya ce, "Wagga ai ta Sadi ta, ba tawa ba." Ashe tsagar ta koma kunnen hagu, shaidar ƙanensa Sadi na Bakura ke nan! Nan take na danna, ta juyo.

Baba ya sa babban yatsa yana sosa mata goshi a kan gilashin, sannan a hankali ya kira sunanta, irin kiran da yake yi mata in ya shiga garke. Ni dai na kasa riƙe hawaye.

Kada ki sa ran kayanki da Sallah. Ya ce saura maraƙinta.

Ki gaishe da Mama.

Taki,
Jidda.