Murhun Mutum Goma Sha Ɗaya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024
Awa uku daga Manassas, garin da nake zaune a Amurka, zuwa gidanmu na kan dutse. Rabona da shi tun rasuwar Malam, maigidana. Murhun ƙarfen da ke ɗumama falo ya tsage, dole a sake shi kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Malam ya sayi gidan nan ne don yara da jikoki su riƙa taruwa a hutun Disamba. Sau biyu kacal aka taru. Bana zan tara su, in sha Allahu.

Talata, 8 ga Oktoba
Na je shagon murhun itace. Na nuna mafi girma, na tambayi mai shagon, Elvis, mutum nawa yake ɗauka. Ya yi sororo. Wai ba mutane ake ƙirgawa ba, faɗin ɗaki ake aunawa. Ji min mutum! Ni da tunda na tashi ban taɓa sayen tukunya daidai cikina ba, sai da rabon baƙo. Na ce masa mu goma sha ɗaya ne.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ya biyo ni da abin awonsa. Bayani ya fi minti arba'in, ni kuwa ƙafata na ciwo. Abin da na riƙe: iskar kan dutse ba ta da kauri, wuta ba ta ja kamar a ƙasa, don haka sai an ƙara wa bututun hayaƙi tsawo. Babban murhu yana son a cika shi da itace, a buɗe ɗakunan sama duka. In falo kaɗai zan zauna, zafi zai kore ni, in rage wuta, ta yi ta cin ciki tana hayaƙi, baƙin danƙo ya taru a bututu, wata rana ya kama da wuta.
"Kwana nawa a shekara ake cika goma sha ɗayan?"
Na ce ba wannan na kawo shi ya auna ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na ji haushi, wallahi. Har yau ina ji.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Na kira Zahra, autata. Ina Hausa tana Turanci, kamar kullum. Tana aiki a asibiti duk ƙarshen Disamba. Yayanta kuma zai kai yara wajen dangin matarsa. "Baɗi, Mama, alkawari." Bara ma haka aka ce. Ban yi faɗa ba, na sa mata albarka.
Na hau sama na ƙirga barguna. Tara. Biyu ko ledarsu ba a cire ba.

Litinin, 21 ga Oktoba
Constance, abokiyar aikina 'yar Jos, ta ce, "Habibatu, ke sanyi kike gudu ko shiru?" Bakinta ba linzami. Na ce ta ci abincinta kada ya huce.

Laraba, 23 ga Oktoba
Na kira Elvis, na ce ya kawo ƙaramin murhu. Na ce masa saboda bayana ne, manyan itace sun fi ƙarfina.

Asabar, 9 ga Nuwamba
An kafa shi. Ɗan ƙarami, ko gwiwata bai wuce ba. Da Malam na nan da ya yi dariya har ya ƙware. Amma itace uku na sa, ya kama tas, babu hayaƙi, falo ya yi ɗumi kafin la'asar. Na rufe ƙofar sama, na toshe ƙasanta da bargo ɗaya, kada iska ta sauko.
Na ɗora buta a kansa. Sai da na zauna da shayina na lura kofi ɗaya na ɗauraye.