Ƙullin Kaba a Tudun Kurciya

Litinin, 8 ga Afrilu 1985

Jiya da la'asar na ja ƙaya kamar kullum. Reshe ɗaure da igiya, ina gaba yana baya yana share mini yashi, turba ukun da suka ratsa dajin duka. Da safe sai in bi in karanta wanda ya shigo. Shekara tara ke nan ina tsaron gandun dajin Tudun Kurciya, babu ƙafar da ban sani ba a Garin Gado. Matata Zalika ta ce na fi sanin ƙafafun matan garin da fuskarta, kuma ba da dariya ta faɗa ba.

Yau mata bakwai, duk sun nufi kwarin anza da ke bayan tudu. Ta takwas tsohuwa Tanna, kullum sawunta ne a ƙasa, na sauran a kai, wato ita ke fara shiga. Sanda a hagu, ƙafa ɗaya tana ja. Ba ta taka tsakiyar turba, sai gefen dama, manne da itatuwa. Ko me ta ajiye a gefen, oho.

Doka dai ba a shiga. A rapor, rahoton da nake kai wa hukuma, na rubuta ban ga kowa ba. Ai ban gan su ba, sawu na gani.

Laraba, 10 ga Afrilu

Dajin ya yi tsit. Kurciyar da aka ba tudun sunanta ko ɗaya babu. Gawo biyu sun bushe a tsaye a turbar rijiya, gawon da ya kamata a ce yanzu ne yake da ganye. Anza kaɗai ta rage kore, ita mutane ke ci. A jiƙa 'ya'yan kwana huɗu ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, shi ma ba duka ba.

A biro, wato ofishinmu, ba a faɗin yunwa. Ƙarancin damina ake cewa.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na yi kiciɓis da Tanna da hantsi, tana dawowa da ƙwarya a ka. Ban yi magana ba ta tsaya.

"Cha'ibu ne? Na ji takalminka, ɗan nan. Babu mai tahiya kamar doki sai kai."

Na ce, "Inna, kin hwa san an hana."

"Na sani. Kama ni ka kai ni Tasawa a kulle ni, an ce 'yan kaso na samun tuwo."

Dariya ta ƙwace mini, ni da na zo da fuskar hukuma. Ɗanta ya tafi Najeriya tun da gero ya ƙone, ko saƙo babu. Ya bar mata surukarta A'i da goyo da yara biyu. Tana mini magana tana duban bayan kafaɗata, wata yana ta rufe mata ido fari fat. Amma da ta juya sai ga ta tana tafiya tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Tsofaffin nan sun fi ƙarfina.

Talata, 16 ga Afrilu

Shef Halilu, shugabana, ya zo daga Tasawa a kan babur. Kumandan na soja zai zo ranar Alhamis ta sama da baƙi, za su hau turbar tudu da ƙafa, wadda Anasaran proje, masu aikin raya daji, suka fitar da fararen turaku lokacin da ake ruwa. Wai a nuna musu dajin da gwamnati ta tsare.

Mun bi turbar tare. A mararrabar farko ya tsaya ya nuna wani ƙullin kaba a reshe.

"Mine ne wannan?"

Na ce yara ne. Na san na matan ne, shekara biyu ina ganinsu, kaba ɗaure a reshe daidai ƙirji, daga bakin daji har kwarin anza. Turbobin nan da hanyoyin shanu sun sarƙe, duk kama ɗaya, na ɗauka alamar hanya suka yi wa kansu.

Ya ce, "Je ne veux rien voir, ba ni son ganin komi. In kumandan ya ga alamar mutum guda, mai gari ya kwan a kaso, kai ko ka tuɓe kakin nan."

Ya sha mini ruwan bidon ɗaya, jarka guda cur, ya tafi. Mutumin da bai san anza da aduwa ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Shafa farar ƙasa a turaku. Sare ƙayar da ta shigo hanya. Hannuna duk kanta.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Ungulaye sun dawo kan busasshen gawon nan. Babu mushe kusa, na duba. Suna zaune ne kawai.

Laraba, 24 ga Afrilu

Mai gari ya sa an yi shela, gobe ko akuya kada ta shiga daji. Da la'asar na bi da wuƙa na yanke ƙullin kaban duka, tun daga baki har kwari. Sun fi yadda na zata yawa, kowane taki goma sai ka ga ɗaya, kuma duk a hannun dama. Wasu sun yi santsi sun yi baƙi, kamar ƙotar gatarin da aka daɗe ana riƙewa. Na cika aljihu biyu, na ba Zalika ta hura wuta.

Don matan na yi. In soja ya gani, su za su sha wuya, ba ni kaɗai ba. Bayan baƙi sun tafi sai su sake ɗaurawa, kaba ba ta ƙare ba.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Da sassafe na duba turba. Sawu ɗaya. Sanda a hagu, ƙafa tana ja. Raina ya ɓaci sosai, tsohuwar nan sai ta sa an kore ni! Ina jin kukan motoci daga wajen Kona, babu lokacin bin ta. Na ɗauko ƙaya na share sawun har mararraba ta biyu, na ce a raina in ta ji hayaniya za ta laɓe a kwari.

Mota uku. Kumandan, Anasara biyu, mace ɗaya da hular kaba, sojoji sun kai ashirin. Sun watsu ko'ina da manyan takalmansu, wasu suna gaba wai duba hanya. A kan tudu kumandan ya miƙa sandarsa ya ce dubi, ko sawun mutum babu. Shef ya dube ni ya gyaɗa kai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Rana ta yi zafin da kwalbar ruwan Anasara ba ta taɓuwa. Sun sauka kafin azahar.

Da la'asar A'i ta zo ƙofar gidana da goyo a baya. Ba ta yi sallama ba.

"Baba Cha'ibu, Inna ba ta komo ba."

Na ce ba ta ji shela ba ne? Ta ce ta ji, amma anzar da ke cikin ruwa ta ƙare yau, in ba a jiƙa wata ba kwana huɗu yara ba su da abin ci. A'i ta hana ta, amma tsohuwar ta fita tun A'i tana sallah.

Na ce kada ta damu, Inna ta san dajin nan kamar ɗakinta.

"Ba ta san shi ba. Ba ta ganin komi sai haske da duhu. Kaba take bi da hannu. Mu munka ɗaura mata."

Na ɗauki bidon.

Mu tara muka shiga. Na sunkuya a mararraba ta biyu, inda na daina shara, in ɗauki sawunta. Takalmin soja a kan takalmin soja. Shekara tara ina alfahari da idona, yau ko yatsa ɗaya ban samu ba. Mun yi ta kira har magariba ta kore mu.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Kwarin anza, babu. Turbar rijiya, babu. Muryata ta dishe.

A'i tana bayana tana shafa rassa. Ta tsaya a wani reshe da guntun kaba ya maƙale, ta daɗe tana duban bakinsa.

"Wannan ba akuya ta ci shi ba. Wuƙa ce."

Ɗanbaba, ƙanen mai gari, ya ce sojoji ne, Allah ya isa. Kowa ya ce Allah ya isa. Wuƙata tana ƙuguna.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ni na same ta.

Gabas da tudu, inda babu anza ko ɗaya, na ga tsumma shuɗi ɗaure a reshe daidai ƙirji. Taki goma, wani. Zanenta ne take yagewa tana ɗaurawa, don ta gane inda ta wuce. Na bi su ina gudu. Na bi, na bi, sai ga ni a tsumman farko. Da'ira ta yi. Yashin ya nuna ta zagaya ta ya fi sau biyar, hannunta na samun ƙulli tana murna ta kama hanya.

Tana zaune jingine da wata aduwa, sanda a cinya, ƙwaryar a kife. Daga nan zuwa farin turke na auna, taki sittin ne.

Na kori ungulayen tukuna, sannan na kira mutane.

Lahadi, 28 ga Afrilu

An rufe ta jiya kafin la'asar. Mai gari ya riƙe hannuna ya yi mini godiya a gaban jama'a, ya ce ba don ni ba da ko gawa ba a samu ba.

Alhamis, 2 ga Mayu

Takarda daga Tasawa. Kumandan ya yaba. Shef ya ƙara da alƙalaminsa a ƙasa: a ci gaba haka.

Ban faɗa wa kowa ni na yanke ƙullin kaban ba. Ko Zalika, da ta dafa mana kunu da su.

Talata, 7 ga Mayu

Kwana goma babu sawu ko ɗaya a turba ukun. Abin da ake so ke nan. Matan sun ce dajin ya ci mutum, kuma ba kabar, kowace na tsoron ita ma ta zagaya. An ce yaran A'i dussa suke sha da ruwa. Ƙaramin ya daina kuka.

Ba na son tuwo kwanan nan. Zafi ne.

Litinin, 13 ga Mayu

Da na fito da safe na tarar da matan a bakin daji, su biyar da ƙore, suna tsaye babu mai shiga. A'i na cikinsu. Ta dubi ƙuguna, ta dubi fuskata, ba ta gaishe ni ba. Na wuce na kama turba.

Ƙafata na ɗan ciwo, shi ya sa na tafi a hankali. A kowace mararraba sai igiyar takalmi ta dame ni, in tsaya gyarawa har in ji motsi a bayana. A kwari na zauna ƙarƙashin gawo na ba su baya, akwai rassan da nake son dubawa ta wancan gefen. Da rana ta take na tashi na dawo, na ajiye bidon a kan hanya don ya yi mini nauyi.

Ba rakiya na yi musu ba. Bin turba aikina ne, kuma gobe ma can aikin zai kai ni.