Agogon da Hajiya ta ba ni ya yi ja

Anti Lauratu, don Allah ki taimake ni kafin in yi ɓarna. Ni malamar jinya ce daga kudancin Bauchi, aiki ya kawo ni Azare. Tun zuwana ina haya a gidan Hajiya Yelwa, amma kunya nake ji in ce haya, don matar nan uwa ta zame mini. Da mijina ya rasu, ita ta riƙe mini yara har na dawo daga jana'iza a ƙauye. Ranar Kirsimeti kuwa da kanta take aiko da zabi.

Yanzu an yi mini canji zuwa Itas. Da Hajiya ta dawo daga Makka bana, sai ta ɗaura mini agogon zinari a hannu. Na yi kuka, Anti. To amma zinarin jaja-jaja ne. Da na sa shi zuwa taron zumuntar mata na cocinmu, ƙawata Priskila ta juya shi ta ce jan ƙarfe ne, an cuci Hajiya a Jidda, wai zinarin gaske rawaya ne. Wata kuma ta ce ta taɓa ganin mai ruwan hoda, wata ta ce na maigidanta ya fi nawa ja. Kaina ya ɗaure.

Ni ko dalma ce ina so. Abin da ba zan jure ba shi ne a yi wa Hajiya dariya ranar liyafar ban kwanana. Na yi shawarar in kai wa maƙeri a kasuwa ya yi masa ruwan zinari rawaya a ɓoye. Ya kika gani?

Taki, Baƙuwar Katagum

*

Baƙuwar Katagum, ki yi nesa da maƙerin nan.

Priskila ba mugunta ta yi ba. Idonmu ya saba da rawayan zinarin sarƙa da 'yan kunne, kuma jabu na nan a kowace kasuwa. Sai dai saninta bai kai ba. Tsantsar zinari taushi gare shi, shi ya sa masu ƙera agoguna masu tsada suke haɗa shi da jan ƙarfe da azurfa. In jan ƙarfen ya yi yawa, sai ya fito ja sosai. In an rage shi aka ƙara azurfa, sai ya yi ruwan hoda. Na tsakiya shi Turawa ke kwatantawa da fure, ina jin naki ke nan. Yawan zinarin cikinsu na iya zama ɗaya, launi ne ya bambanta. Ki duba bayansa ko akwai 18K ko 750, alamar yawan zinarin da ke ciki, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki nuna wa amintaccen mai gyaran agogo.

Ruwan da maƙeri zai yi masa kuwa zai koɗe, ƙila ma ya lalata injin. Kuma ki tuna, Hajiya ta ga rawaya tuli a Jidda ta tsallake ta zaɓi wannan. In kika rina shi, ranar liyafa za ta dubi hannunki ta rasa agogonta, ta ɗauka kunyarsa kika ji. Wannan ya fi dariyar kowa ciwo.

Ki ɗaura shi yadda yake, ki zauna kusa da ita. Allah ya kai ki Itas lafiya, ya bar zumuncinku.

Anti Lauratu