Wasiƙun Ɗan Baba Kassim

Gadarif, 4 ga Oktoba 1997

Yaya Jummare,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna, yaya mutanen Hawata?

Tun da aka sallame ni daga madarasa ba a faɗa min laifina ba, darasin gida nake bayarwa a rakuba, rumfar nan ta tsakar gida, kuma wallahi na gaji. Ƙanana huɗu da safe, sai Rawan mai shirin jarrabawar shahada ta gama sakandare wadda lissafi ba ya zama a kanta, sai Baba Kassim dillalin riɗi, ɗan shekara sittin da 'yan kai. Shi ne ciwon kaina. Surorin salla ya san su da ka, amma wata uku ke nan ya kasa karanta rubutun hannu. Yau ya gane harafi, gobe kamar bai taɓa ganinsa ba.

Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Atika

19 ga Oktoba

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na yi abin kunya. Ranar Talata, bakwai ga wata, haƙurina ya ƙare, na daka wa Baba Kassim tsawa gaban yara, na ce yana ɓata min lokaci. Suka fashe da dariya. Ya naɗe littafinsa, ya yi min godiya, ya fita. Kwana goma sha biyu bai dawo ba.

Jiya matarsa Shatu ta zo ta faɗa min dalilin karatun. Ɗansu Faisal aka kwasa a kasuwa bara, aka kai shi aikin soja a Kudu. Yana aiko da wasiƙa, amma maƙwabcin da ke karanta musu sai ya tsaya, ya yi tari, ya tsallake layi. Shi ya sa tsohon yake son karantawa da idonsa. Ni kuwa ban taɓa tambayarsa ba.

Taki,
Atika

23 ga Oktoba

Yayata,

Ina gaishe ki da yara. Na bi Baba Kassim har kasuwar hatsi, na durƙusa tsakanin buhuna na nemi gafara. Ya yafe min nan take, amma ya ce darasi kam ya gama, kansa ya tsufa. Na roƙe shi har ma'aikatansa suna kallona, ya ƙi.

Sai ya ciro wasiƙu biyar daga aljihu, ya sa na rantse ba zan tsallake komai ba. Na karanta masa duka. A ta huɗu Faisal ya rubuta cewa an yanke masa ƙafar hagu, yana asibiti, tun watan Yuni. Wata huɗu unguwa ta sani, uban bai sani ba.

Bai yi kuka ba. Ya ce in ɗora yatsansa a kan kalmar, ya daɗe yana kallonta. Yanzu duk Alhamis zan je in rubuta masa amsa.

Ki sa mu a addu'a, ni da su.

Ƙanwarki,
Atika